Filin Tambaya da Amsa: Wai Ra'ayin Masu Rajin Mata Ƙin Maza Ne?

Tambaya: Anti, ina shekarar farko a sashen ilimin zamantakewa. An yi mana darasi kan ra'ayin masu rajin kare mata, sai samarin ajinmu suka ce koyar da ƙin maza ne kawai, babu ilimi a ciki. Na rasa abin da zan ce musu. Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ƙanwata, kada ki ɓata bakinki wajen musu. Tambaya ɗaya za ki yi musu: wanki da shara da raino, aiki ne ko ba aiki ba ne?

A shekarun 1950, Talcott Parsons, babban malamin fanninku a Amurka, ya ce miji ke fita nema, mace ke kula da gida da sanyaya zukata, wai wannan rabon ne ke riƙe da iyali. Bai tsaya ya duba wa ke jin jiki ba. Ann Oakley, masaniyar zamantakewa 'yar Birtaniya, ita ce ta duba. Ta zauna da matan aure 40 a Landan, ta wallafa sakamakon a 1974: kimanin awa 77 kowacce ke yi a mako tana aikin gida, ba albashi, ba ranar hutu. Ranar da na fara karanta adadin nan, mahaifiyata ce ta faɗo mini a rai, wadda nake cewa "ba ta aiki" idan an tambaye ni. A 1989 kuma Arlie Hochschild, masaniyar zamantakewa a Amurka, ta nuna cewa macen da ke aikin albashi ma, tana dawowa gida take ɗora wani sabon aikin.

Ƙirga awoyi dai bincike ne, ba zagi ba.

Su kansu masu ra'ayin ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin gyaran doka ya isa, mabiya Karl Marx na ɗora laifin kan jari-hujja, wasu kuma kan babakeren maza. Inda nake ganin magabatan masu ra'ayin sun gaza shi ne ɗaukar rayuwar Baturiya mai rufin asiri tamkar ta kowace mace. Kimberlé Crenshaw, masaniyar shari'a baƙar fata a Amurka, ta taka musu burki a 1989, ta ce baƙar mace wariya biyu take sha a haɗe, ta jinsi da ta launin fata, kotuna kuwa ɗai-ɗai suke kallonsu.

Idan samarin sun ce ba su yarda ba, kowa ya ɗauki biro ya rubuta awoyin da mahaifiyarsa ta yi a tsaye mako guda, ku haɗu a aji da takardun.