Amsa ga ɗalibin Kumasi mai neman asalin kakan-kakansa a Suwizalan

Assalamu alaikum, ƙanena. Na karanta saƙonka, inda ka ce kana shirin zuwa karatun digiri na biyu a birnin Bazel na Suwizalan, kuma kana so ka bi sawun mahaifin kakarka, Baturen kanti da ya zauna a Kumasi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ba ku da komai nasa sai hoto guda da aka rubuta sunansa da sunan Bazel a bayansa. Ka kuma tambaya ko wannan dangantaka za ta sauƙaƙa maka samun takardar zama.

Bari in fara da ta ƙarshen, domin ita ce mai gajeriyar amsa: ba za ta sauƙaƙa ba. Sai daga shekarar 2006 ne ɗan da aka haifa ba tare da auren hukuma ba ya fara gadon zama ɗan ƙasar Suwizalan kai tsaye ta wajen uba, idan uban ya amsa cewa nasa ne, balle kai da ke tattaɓa-kunne. Bizarka ta ɗalibi ce kamar ta kowa, wato takardar samun gurbi daga jami'a da shaidar cewa kana da kuɗin riƙe kanka.

Shi kuwa binciken yana yiwuwa, amma kada sunan Bazel ya ruɗe ka. Mishan ɗin Bazel, wanda aka kafa a 1815, ya sauka gaɓar Akara a 1828, ya kuma kafa kamfanin cinikinsa a 1859, wanda daga cikinsa ne kamfanin kantuna na UTC (Union Trading Company) ya fito daga baya. Saboda haka duk wanda aka turo daga can ana iya kiransa mutumin Bazel, alhali da yawa daga cikin ma'aikatan mishan ɗin Jamusawa ne daga yankin Wurtembag. Mai yiwuwa sunan wurin aikinsa ne a bayan hoton, ba na garinsu ba.

Abin da za ka nema shi ne garin asalinsa, wanda masu Jamusanci ke kira Heimatort. A nan Suwizalan mutum ɗan gari ne tukuna, sannan ɗan jiha, sannan ɗan ƙasa, kuma a da ta wajen uba ake gadon garin, tamkar yadda a zango ake cewa wane Bakano ne ko Bakatsine ko da kakansa ne ya yi wa garin ganin ƙarshe. Wani abokin aikina ya taɓa nuna mini katin shaidarsa: babu wurin haihuwa a jiki, sai sunan wani ƙauye a jihar Bern, wanda ya ce sau ɗaya ya taɓa ratsa shi a jirgin ƙasa. Amfanin wannan tsari gare ka shi ne, a zamanin da kake nema, ko a ina mutum ya yi aure ko ya rasu, can garin asalin ake aika labari a rubuta, muddin an sanar da hukuma. Akwai kundin sunayen iyalai a intanet, kyauta, wanda ya jera kowane suna da garuruwan da masu shi ke da asali a 1962. Sa sunan da ke bayan hoton a ciki. Idan ka yi sa'a gari ɗaya ko biyu za su fito, idan kuwa irin sunan nan ne da ya cika ƙasa, sai ka haɗa da haƙuri.

Hukuma ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a duk ƙasar daga 1876. Abin da ya gabaci haka yana cikin littattafan coci, da yawa daga cikinsu a gidan adana tarihi na jiha, kuma jihohin 26 ne, kowace da ƙa'idarta. Tsohon rubutun hannu na Jamusanci ya ba ni wuya ƙwarai ranar da na raka wani ɗan'uwa irin wannan nema, domin harafin e kamar n yake, har muka yi rabin yini muna bin sunan da ba shi ba. Rajistar da ba ta tsufa ba kuwa ba a buɗe wa kowa ita, sai ka nuna dangantaka ko ka samu izinin jiha, kuma a nan ne nake jin za ka sha wahala, tunda da wuya a ce ya rubuta kakarka a wurin hukumar ƙasarsu.

Don haka a ganina aikin daga gida zai fara. Kafin ka taso, ka zauna da tsofaffin gidanku ka ɗauki muryarsu, su faɗa maka laƙabin da ake kiransa da shi, da kantin da ya riƙe, da shekarar da ya tafi, ko da da wani abin da ya faru za su kwatanta ta. Ka leƙa gidan adana takardun gwamnati a Akara da reshensa na Kumasi. Idan ka iso, gidan tarihin mishan ɗin yana cikin Bazel, ba nisa da jami'a, kuma dubban hotunansu na Gana suna intanet, kana iya fara kwatanta fuskar tun yanzu. Ka turo mini hoton rubutun da ke bayan hoton nan, a ɗauke shi da hasken rana, in kai wa wata tsohuwa maƙwabciyata da ta iya karanta rubutun. Ka gaida mutanen gida.