Ku Tambaya, Mu Amsa: Manhajar girkin Sallah, da katin laburare na cikin waya

Saƙonnin wannan makon sun kasu gida biyu, na masu shirin girkin Sallah da na masu neman littafi ta waya. Na haɗa su ne saboda kusan kowa abu ɗaya yake son ji: in biya, ko in riƙe kuɗina?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni ce matar babban ɗa a gidanmu a Kano, don haka girkin Babbar Sallah a wuyana yake. Da yara da baƙi mukan haura mutum 40 ranar Sallah da washegari. Duk shekara sai wani abu ya yanke ana tsakiyar aiki, ko mai ko albasa, ko kuma shinkafa ta yi yawa ta lalace. Ƙanwar maigidana da ke Amurka ta ce in sauke Paprika ko Mealime, wai da su take shirya girkin bukukuwa. Ya cancanci in kashe kuɗina?

Amsa: 'Yar uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Mealime dai cire ta daga lissafi tun yanzu. An yi ta ne don ma'aikacin da ya dawo gida a gajiye yana son abincin dare cikin minti 30, na mutum biyu zuwa shida. Ba ta san tukunyar da mutum biyu ke kamawa kafin a sauke ta daga murhu ba.

Paprika ta fi ta nisa. Takan adana girke-girken da kika kwaso daga intanet ko kika rubuta da hannunki, ta ninka miki kayan haɗi idan kin ƙara yawan mutane, ta tattara su duka a jerin cefane guda, sannan tana da kalanda da za ki raba aiki kwana-kwana. Sau ɗaya ake biyan kuɗinta, ba duk wata ba, sai dai na waya daban, na kwamfuta daban. A Android ana barin mutum ya adana girki 50 kyauta, kuma girkin Sallarki duka bai kai rabin haka ba. Gwada ta kyautar tukuna. Idan za ki shigar da naki girkin, ki sa lambar a farkon layi, kamar "2 kwano shinkafar tuwo", don ta gane abin da za ta ninka.

Amma ki san inda ƙarfinta ya tsaya. Girke-girken da ƙanwar maigidanki ke amfani da su an rubuta su ne don bikin godiya na Amurkawa, wanda ake yi Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba: talotalo guda a cikin oben, dankalin turawa, kek ɗin kabewa, kowane abu an auna shi da kofi mai ɗaukar kusan mililita 240 ko da fam mai nauyin giram 454. Ke kuwa da kwano da tiya da gwangwanin madara kike awo, kuma kwanon Dawanau ba lallai ya zo daidai da na mai shagon bakin layinku ba. Tumatir da tattasai kwando ake ciniki a 'Yankaba, ba wanda zai ɗora miki su a sikeli. Ko ninkin ma ba komai yake yi wa daidai ba. Ninka shinkafa sau goma lafiya lau, amma ki ninka gishiri da attaruhu da yis sau goma a ƙullun waina ko miyar taushe, za ki ji a bakin dangin miji.

Abin da ke yanke miki kaya ba rashin sanin girki ba ne, rashin rubutaccen tarihi ne da rashin raba aiki. Wannan kuwa Google Keep na yin sa kyauta, kuma tana aiki ko babu data, sai dai ba za ta isar da canjin ga sauran ba sai an samu sabis. Buɗe jeri mai akwatunan da ake sa wa alama, ki saka adireshin Gmail na maigida da na wadda ke taya ki aiki, duk wanda ya sayo abu ya danna ya fita daga jerin. Ki raba shi uku. Na farko kayan da ba sa lalacewa, a saye su mako biyu kafin Sallah tun farashi bai hau ba: shinkafa, fulawa, man gyaɗa, manja, sukari, zoɓo, kayan ƙamshi, gawayi ko gas. Na biyu kayan miya, kwana biyu kafin Sallah, a kai markaɗe tun layin inji bai yi tsawo ba, a tafasa shi sosai ya tsane. Na uku aiki da sa'o'insa: cincin da dubulan da alkaki tun da sauran kwanaki, jiƙa shinkafar waina ranar Arfa, wa zai wanke kayan ciki, wa zai tsaya kan suya, wa zai babbake kai da ƙafa.

Kan shinkafa, ki fara da giram 100 na ɗanya ga kowane babba, rabin haka ga yaro. Ki auna kwanonki sau ɗaya a sikelin mai shago don ki san kilo nawa yake ɗauka. Kuma kada ki dafa ta kwana biyu a tukunya ɗaya. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. Firiji idan an ɗauke wuta yakan riƙe sanyi kusan awa huɗu muddin ba a buɗe shi ba, abin da ba ya yiwuwa a gidan da yara ke neman ruwan sanyi. Shi ya sa iyayenmu da suka soya nama ya soyu ƙarau, suka yi dambu, suka shanya wani a igiya, sun riga duk wata manhaja gane bakin zaren.

Abu mafi amfani da za ki yi da wayar shi ne a daren hawan Daushe, in an watse, ki zauna minti goma ki rubuta abin da ya faru: kwano nawa aka dafa, lita nawa na mai suya ta sha, me ya rage, me ya yanke. Baɗi wannan rubutun ne zai yi miki cefane.

Tambaya: Anti, na sauke wa iyalina wata manhajar girki da azumi, an ce gwajin kwana bakwai kyauta. Mun goge ta tuni, amma har yanzu ana cirar mini kuɗi duk wata. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, goge manhaja ba ya soke rajista. Shiga Play Store, taɓa hotonka da ke sama, nemi sashen biyan kuɗi da rajista, za ka gan ta a jere, ka soke ta daga nan. A iPhone kuwa cikin saituna ne, ƙarƙashin sunanka. Google na karɓar buƙatar mayar da kuɗi idan ba a wuce awa 48 da cirar ba, na watannin baya kuwa sai ka rubuta wa masu manhajar, kada dai ka sa rai sosai. Nan gaba, ranar da ka fara gwaji ka soke a ranar, yawanci ana barin ka ka ƙarasa kwanakinka. Idan da dala ake lissafin, duk lokacin da naira ta motsa abin da ake cira ma zai motsa.

Tambaya: Anti, ni ɗalibi ne a jami'a a Zariya. Wani a Facebook yana sayar da shiga Libby, ya ce zan karanta dubban littattafai har da na sauraro. In saya?

Amsa: Ƙanena, kada ka saya. Libby ba shagon littafi ba ce. Manhaja ce ta kamfanin OverDrive na Amurka, ta fito a 2017, kuma kyauta ake sauke ta. Aikinta kawai ta haɗa ka da laburaren da ya ba ka kati. Laburaren ne ke sayen lasisin kowane littafi, yawanci kwafi ɗaya mutum ɗaya a lokaci guda, shi ya sa ake bin layi, wani sanannen littafin har na makonni. Ana ara na mako ɗaya zuwa uku, wa'adi na cika littafin ya koma da kansa, babu tara. Abin da mutumin nan ke sayarwa lambar katin wani ne, ko katin da aka buɗe da adireshin ƙarya. Ranar da laburaren ya nemi shaidar zama, sai a rufe, kuɗinka ya bi ruwa, ba kuma inda za ka kai ƙara.

Ka fara da abin da ka riga ka biya a kuɗin makaranta. Je Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, ka nemi sashen intanet, ka tambayi ma'aikaci waɗanne rumbunan mujallu ne jami'ar ke da izinin shiga. Ka ambaci Research4Life da suna. Shiri ne na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan maɗaba'u da ke buɗe wa makarantu mujallun bincike, wanda ya faro da HINARI na fannin lafiya a 2002, sai AGORA na aikin gona a 2003, daga baya aka ƙara na muhalli da na ƙere-ƙere da na shari'a. Makaranta ce ke rajista, ba mutum ɗaya ba, kalmar shiga kuma tana hannun ma'aikacin laburare. Ɗalibai da yawa kan gama karatu ba su taɓa ƙwanƙwasa wannan ƙofar ba, suna ta biyan mai shagon kwamfuta ya kwafo musu aikin wani.

Daga ɗakinka kuma akwai hanyoyin halal. JSTOR, rumbun mujallun bincike na intanet, na barin mai asusun kyauta ya karanta maƙala 100 a wata a kan allo. Project Gutenberg, da ke nan tun 1971, na da fiye da littafi 70,000 waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Internet Archive na ba da aron littafi na awa ɗaya da ake iya sabuntawa, sai dai bayan ta faɗi shari'a da manyan maɗaba'u a 2023, ta sake faɗuwa a ɗaukaka ƙara a 2024, ta janye fiye da littafi 500,000, don haka sababbin sun ragu sosai, tsofaffin littattafan tarihi da ƙamusoshi ne suka fi samuwa. Idan Larabci kake nema, Maktabatus Shamila kyauta ce. Kiwix kuma na sauke maka Wikipedia, har da ta Hausa, ka karanta babu data.

Tambaya: Anti, muna zaune a Bronx ta birnin New York, asalinmu Kumasi. Yarana uku, kuma kuɗin littafi da na intanet sun yi mini yawa. Katin laburare nawa ne?

Amsa: Hajiya, ke ce Libby ta yi wa rana. Laburaren Jama'a na New York, wanda rassansa suka haɗa da Bronx, kyauta yake ba duk wanda ke zaune, ko aiki, ko karatu a jihar kati. Ki tafi reshe mafi kusa da shaidar kanki da wata takarda mai adireshinki, ki buɗe wa kowane yaro nasa. Da katin za ku yi amfani da kwamfuta da intanet a can, ku ari littafi ta waya, ku sauke shi don karantawa a jirgin ƙasa. Littattafan girki ma ana ara, don haka kafin ki sayi mai tsada saboda girkin biki ɗaya, ki duba can. Littattafan Hausa ne ba za ki samu da yawa ba. Don yara su riƙe harshe, nemi African Storybook da StoryWeaver, dukansu kyauta ne kuma suna da labaran yara da Hausa masu hotuna.

Tambaya: Malama, ina kula da laburaren wata Islamiyya, littattafanmu kusan 600. An ba ni shawarar Koha.

Amsa: Malam, Koha manhaja ce mai kyau ta tsara laburare, kyauta, an ƙirƙire ta a New Zealand a 1999, kuma jami'o'in Najeriya da dama na aiki da ita. Amma tana son kwamfuta ta dindindin, da wuta, da wanda ya iya gyara idan ta tsaya. Ga littafi 600 wannan sayen tirela ne don ɗaukar buhu ɗaya. Ƙananan manhajoji irin Libib da lambar ISBN ta bayan littafi suke sauri, alhali yawancin bugun Larabci na kasuwar Kurmi da ƙananan littattafan Hausa ba su da ita, dole sai an shigar da hannu. Buɗe Google Sheets da layuka biyar: lamba, sunan littafi, marubuci, wanda ya ara, ranar dawowa. Rubuta lambar a gefen kowane littafi da alƙalamin maka, ka riƙa buga jerin a takarda ƙarshen kowane zango saboda ranar da waya ta ɓata. Kuɗin da za a sayi kwamfuta a sa wa ɗakin kanta mai ƙofa da maganin gara.