Ƙoƙi-ƙoƙin da ya mai da kansa fure

Tambaya: Malam, ina da lambu a Jiratawa kusa da Maradi. Ɗana ya nuna mini hoton wani ƙoƙi-ƙoƙi a waya, fari da ruwan hoda kamar fure, ya ce haɗin kwamfuta ne. Da gaske akwai shi? Ɓuya yake yi cikin furanni?

Amsa: Ɗan'uwa, ka faɗa wa yaron halittar Allah ce, ba haɗi ba. Masana na kiransa Hymenopus coronatus, gidansa kuma dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya masu yawan ruwan sama, irin na Maleshiya da Indonesiya da Tailan. Macen takan kai santimita 6 zuwa 7, namijin bai fi rabinta ba.

Ka sake duba hoton a tsanake. Ƙafafunsa huɗu na tafiya suna da faffaɗan fatu-fatu kamar ganyen fure. Biyu na gaba kuwa a naɗe suke a ƙirji, jere da ƙayoyi, su ne makamin. Da ya ƙyanƙyashe ma ba fari ba ne, baƙi ne da ruwan lemo, sai ya yi saɓar farko sannan kamannin furen su fito.

Batun ɓuya shi ne inda mutane da yawa suke kuskure, kuma nan abin ya fi burge ni. An daɗe ana zaton yana shigewa cikin furen okid ne, wani irin fure da ke fitowa a dazuzzukan can, don kada a gan shi. Binciken da James O'Hanlon da abokan aikinsa suka yi a Maleshiya, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna ba haka ba ne. Ba ya bukatar fure a kusa. Sai ya hau koren ganye ya zauna fili, shi kansa ya zama furen. Ƙudan zuma da ire-irensu su hango launin daga nesa, su nufo shi suna tsammanin zaƙi. Har an ga ƙwarin da ke zuwa wurinsa sun fi masu zuwa wasu furannin gaske da ke gefensa. Wato so yake a gan shi, sai dai kada a gane shi.

Farautar tasa kwanton ɓauna ce. Yana iya daɗewa bai motsa ba, sai kai kawai yake juyawa, idanu biyun suna auna nisa. Abin ci na shigowa inda hannu zai kai, kafin ƙiftawar ido ya cafke, ƙayoyin su riƙe, ya soma ci da ransa.

A lambunka ba za ka sami wannan ba. Afirka na da nata masu kama da fure, amma shahararrun suna gabashi da kudancin nahiyar. Namu kore ne ko ruwan ƙasa, masu sajewa da ganyen zogale da busasshen kara. Suna cin ƙananan fara da ƙudaje, wani lokaci har da ƙudan zuma, don ba sa zaɓe. Duk da haka ina roƙonka ka bar su. In ka ga wani dunƙule kamar busasshen kumfa manne a reshe, ƙwansu ne a ciki, kada ka kankare shi, kuma ka kauce masa da maganin feshi.