Game da tambayarka a kan kalmar malam

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tun da ka fara koyarwa yara ke kiranka "sa", kuma ka fi son hakan, tunda ko mai shayi malam ake ce masa. Ka kuma tambaye ni inda kalmar ta samo asali.

Daga Larabci muka aro ta: mu'allim, wato mai koyarwa, tushensu ɗaya da ilimi. Harshen Bahaushe ne ya lanƙwasa ta ta koma malami, mace malama, jam'i malamai. In za a kira mutum, ko a sa ta gaban sunansa, sai a datse wasalin ƙarshe a ce Malam Wane.

Lokacin da muke yara, malam shi ne mai zaure da allo da tawada. Shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ke rubuta wa mutum wasiƙa da ajami. A cikinsu ma akwai hawa-hawa. Wanda ya haddace Alƙur'ani alaramma ne, wanda ya goge har ake kawo masa gyara, gwani. Da boko ya shigo, aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 don horar da masu koyarwa, sai sunan ya bi su can. Malam Aminu Kano daga aji ya fara, a Bauchi ya koyar, kuma har ya rasu a 1983, in aka ce "Malam" kawai a Kano kowa ya san wanda ake nufi. Sannu a hankali duk mai riƙe da alƙalami a En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, ya sami rabonsa: malamin gona, malamin asibiti, malamin daji. Har ƙwaron nan mai buɗe fukafukai yana rufewa muka sa wa malam-buɗe-littafi.

Shi kuwa mai shayi, ladabi ne ya kai sunan gare shi. Bahaushe ba ya kiran babba gatsal, kuma baƙon da bai sani ba yakan yi masa kyakkyawan zato. Abin da ke sosa min rai shi ne yadda a Legas wasu suka mayar da kalmar laƙabin kowane ɗan Arewa, mai gadi ne ko ɗan canji, wani lokaci ma da raini. Wannan ba dalili ba ne da kai za ka guje ta.

Ranar Litinin ka gaya wa yaran su riƙa ce maka Malam. Kakanka da wannan suna aka san shi har ya koma ga Allah. Ka gaishe min da mahaifiyarka.