Hukuncin noman gonar jingina: amsa ga wanda yake riƙe da gonar ɗan baffansa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, shekara huɗu da suka wuce ɗan baffana ya shiga matsi, za a yi wa matarsa aiki a asibiti. Na ba shi rancen naira 400,000, shi kuma ya jinginar mini da gonarsa a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a kan in riƙa nomawa har ranar da ya dawo mini da kuɗina cif. Damina huɗu ke nan ina nomanta da irina da takina. Wani ɗalibi ya ce kuɗin ruwa nake ci, amma wani malami a garinmu ya ce babu laifi tunda mai gonar da bakinsa ya yarda. Ga shi kuma kuɗin sun zube, ba su kai darajar da suke da ita a lokacin ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri a kan tsayawar da ka yi wa ɗan baffanka ranar da ya rasa mafita. Haramcin riba ba ya buƙatar in jero maka dalilai, haka nan halaccin karɓar jingina a kan bashi, duka biyun babu saɓani a kansu. Hukuncin mas'alarka ya rataya ne a kan kalmomi biyu da ka faɗa da kanka: "rance" da "cif". Ka ba da kuɗi, za su dawo maka ba tare da an rage ko sisi ba, sannan a tsakani kana cin amfanin ƙasar da ba taka ba. Wannan amfanin ƙari ne da rance ya jawo, kuma shi ne ribar da aka haramta, wadda ba ta da alaƙa da ribar kasuwa sai kamar suna a bakin Bahaushe. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa rancen da ke jawo amfani bai halatta ba, kuma a babin jingina ya ce 'ya'yan dabinon da aka jinginar da kuɗin hayar gidaje na mai su ne. Aikin jingina shi ne ta tsare maka haƙƙinka idan an kasa biya, ba ta mayar da kai mai gona.

Da a ce bashin na ciniki ne, misali ka sayar masa da shanun noma ko taki zuwa wani lokaci, ya jinginar maka da gonar, kuka shardanta tun a wurin cinikin cewa za ka noma ta damina biyu ƙayyadaddu, da malamanmu na Malikiyya sun halatta, domin a nan noman ya zama wani yanki na farashi. Halilu ya kawo wannan a Muhtasar, ya kuma keɓe rance daga ciki a fili. Naka rance ne, kuma ba a yanka wa noman wa'adi ba, saboda haka ka rasa sharuɗɗan biyu gaba ɗaya.

Sai maganar malamin garinku, wadda zan ɗan tsaya a kanta domin ita ce ta fi yawo a karkara. Ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba, wasu daga cikin malaman Hanafiyya, wato mazhabar Abu Hanifa, sun ce mai riƙe da jingina yana iya amfana da ita idan mai ita ya yi izini. To amma yarda ba ta taɓa halatta riba ba. Duk wanda ya karɓi bashi da ruwa ya yarda kafin ya karɓa, har hannu yake sa wa takarda, kuma babu malamin da ya ce sa hannun ya wanke cinikin. Sannan ka duba irin yardar da ake magana: mutum matarsa na kwance, likita na jiran kuɗi, wace magana za ka kawo masa a wannan daren ya ce a'a? Ka yi wa kanka tambaya ɗaya tsakaninka da Allah. Da ya ce maka ka riƙe takardar gonar amma shi zai ci gaba da nomansa, za ka ba shi kuɗin? Idan amsar ita ce da wuya, to noman sharaɗi ne, ko an furta ko ba a furta ba. Su kansu masu tantancewa a Hanafiyya haka suka ce: Ibnu Abidin ya kawo cewa galibin mutane amfanin suke nufi lokacin da suke miƙa kuɗin, ba don shi ba da ba su bayar ba, kuma abin da al'ada ta sani daidai yake da abin da aka shardanta. A wurinka ma ba a bar wa al'ada ba, a gaban mai unguwa aka faɗa.

Wasu suna kafa hujja da hadisin Abu Huraira a Buhari, cewa ana hawan dabbar da aka jinginar, ana kuma shan nononta, a madadin ciyar da ita. Dabba tana mutuwa idan ba a ba ta ci ba, don haka waɗanda suka yi aiki da zahirin hadisin, kamar Imam Ahmad, sun tsayar da amfanin gwargwadon abin da aka kashe mata. Gona kuwa ba ta jin yunwa, kuma takin da ka zuba ka zuba shi ne domin masararka. Wasu kuma sai su sauya suna, su ce ai sayarwa ce da alkawarin mayarwa idan an dawo da kuɗi. Malikiyya sun san wannan tun da daɗewa da sunan bai'us sunya, sun kuma ɓata shi idan an shardanta mayarwar a cikin ciniki, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa rance ne mai jawo amfani, dabara ce ta cin riba. Ka tuna abin da Abdullahi ɗan Salam ya gaya wa Abu Burda, cewa idan kana bin mutum bashi ya kawo maka kyautar ɗaurin ciyawa ko na sha'ir kada ka karɓa, domin riba ce. Idan an hana ƙunshin harawa, ina ga amfanin damina huɗu?

Zubewar darajar naira gaskiya ce, duk mai sayen buhun taki tun 2023 ya ji ta a jikinsa, sai dai ba ta zama lasisin noman ba, tunda ka fara noma tun kafin kuɗin su zube. Abin da jumhur, wato mafi yawan malamai, suke kai shi ne a biya bashi da irinsa, adadi da adadi. Idan ranar biya ɗan baffanka ya ƙara maka wani abu don kansa, ba da sharaɗi ko matsi ba, wannan kyakkyawan biya ne.

Abin da za ka yi shi ne wannan. Amfanin da ke cikin gonar yanzu ka girbe shi, domin iri da wahala naka ne, sannan ka janye hannunka daga noma. Ku kira manoma biyu masu amana da suka san ƙasar wurin, su ƙiyasta kuɗin hayar irin wannan gona a kowace shekara daga cikin huɗun, a cire jimillar daga bashin. A haɗa da abin da ka ci na itatuwan da ke ciki, ɗorawa ko mangwaro, domin ba kai ka shuka su ba. Idan lissafin ya cinye bashin duka, an gama, idan ya haura kai ne za ka cika masa. Abin da ya rage kuwa haƙƙinka ne, kana iya riƙe takardar gonar a kansa ko ku ajiye ta hannun amintacce.

Kada ka je masa da maganar ya yafe maka tun bashin yana wuyansa, domin kunya da tsoro ne za su amsa. Ka fara yin lissafin, ya san abin da yake da shi. Kuma ka duba takardar da aka rubuta: idan akwai cewa gonar ta zama taka in ya kasa biya zuwa shekara kaza, a soke wannan layin, hadisin da Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa ya hana. Na ga gidajen da mai jinginar ya rasu, shaidu suka rasu, 'ya'ya suka tashi suna kiran gonar gadon ubansu, zumunci ya ƙare a gaban alƙali. Ku sabunta rubutu, kowa ya riƙe kwafi.

In kana son ci gaba da noma wurin, ku warware bashin tukuna, sannan ka karɓi hayarta a farashin gari, shekaru sanannu, da kuɗin da ba za su dawo ba. A biya da kuɗi, kada a biya da buhunan hatsi, domin a mazhabar Malik ba a ba da hayar ƙasa da abinci. Allah ne mafi sani.