Amsa ga yarona kan shafin da Google ya hukunta saboda sayen mahaɗai

Yarona, saƙonka ya iso ni tun shekaranjiya. Ka ce wani ɗan kasuwa ya kawo maka shafinsa na intanet da ya ɓace daga binciken Google, ka buɗe Search Console, wato dandalin da Google ke sanar da masu shafuka halin da shafinsu ke ciki, ka tarar da sanarwar hukunci saboda mahaɗan bogi, wato links, da ke nuno shafin daga wasu shafuka na waje, kuma kana tambaya ta ina za ka fara, da kwana nawa za ka ce masa ya jira kafin ya koma matsayinsa na da. Da farko na yi niyyar in bar ka ka sha wahalarka kamar yadda muka sha tamu, amma rabin tambayarka na ƙarshe ya taɓa mini wani tsohon miki, domin irin wannan alkawari na komawa matsayin da shi ne ya cinye mini aikin wata bakwai ba tare da na ga ladansa ba.

Ba zan tsaya koya maka yadda ake sauke jerin mahaɗai daga Search Console ko daga manhajar binciken mahaɗai ta Ahrefs ba, wanda ya yi shekara biyu a shagona bai san wannan ba ya fi kyau ya nemi wata sana'a. Abu ɗaya kawai zan tuna maka, saboda ku yaran yanzu kuna haɗa shi wuri guda kamar hatsin bara. Hukunci iri biyu ne. Akwai wanda ma'aikacin Google ya duba shafi da idonsa ya yanke, kuma shi ne ake aiko wa sanarwa, shi ne kuma ake iya roƙon a sake dubawa. Akwai kuma faɗuwar da lissafin injin binciken ke haddasawa da kansa, wadda babu sanarwa a cikinta kuma babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Tunda ka ga sanarwa da idonka, naka na farkon ne, kuma ka gode wa Allah, domin ciwon da aka san sunansa ya fi sauƙin magani.

Abin da ya same ni ya faru ne a zamanin da Search Console ke amsa sunan Webmaster Tools, kafin a sauya masa suna a 2015. Google ya riga ya saki Penguin, wato tsarin lissafinsa na kama shafukan da ke amfani da mahaɗan bogi, tun ranar 24 ga Afrilu 2012, kuma duk wanda ke cin abinci a wannan sana'a ya san cewa kasuwar sayen mahaɗai ta fara wari. Wani Alhaji mai fitar da zoɓo da riɗi da busasshiyar citta zuwa ƙasashen waje ya aiko direbansa ya ɗauko ni. Masu sayensa 'yan kasuwa ne na ƙetare waɗanda ba su taɓa taka Dawanau ba, ta binciken Google suke samunsa, saboda haka ranar da shafinsa ya faɗi, wayarsa ma ta yi shiru. Ya zaunar da ni a ofishinsa, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya rantse mini cewa bai taɓa biyan ko sisi don a saka masa mahaɗi ba, kuma maƙiyansa ne a kasuwa suka yi masa wannan aika-aika. Na yarda da shi saboda furfurarsa da carbin da ke hannunsa. Sa'an nan na yi babbar wauta, wadda ita ce dalilin wannan doguwar amsa: na amince ya ba ni kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin aiki, sauran kuma sai ranar da shafin ya koma shafin farko na bincike kamar da.

Har yanzu ina iya ganin daren da na fara buɗe jerin a Excel, janareto na ruri a bayan shago, ina saukar da layi bayan layi. Shafukan caca ne, da na tallan magunguna, da wasu cikin rubutun Rashanci da ban iya karantawa ba, da tarin kundayen adireshi da babu ɗan Adam da ke ziyartarsu. Abin da ya kamata ya farkar da ni shi ne kalmomin da aka rataya mahaɗan a jikinsu. Jimla guda ce ta Turanci, mai nufin mai fitar da busasshen zoɓo daga Najeriya, ana maimaita ta harafi da harafi a ɗaruruwan shafuka, kuma ita ce daidai jimlar da Alhaji ke son a same shi da ita. Mutanen da suka ambaci shafinka don ra'ayin kansu ba sa magana da baki ɗaya haka. Wani zai rubuta sunan kamfani, wani ya manna adireshin tsirara, wani ya ce a duba nan. Na ga wannan, zuciyata ta gaya mini gaskiya, amma na danne ta saboda na riga na karɓi rantsuwar dattijo.

Na haɗa fayil ɗin barranta, wato fayil ɗin da kake gaya wa Google da shi cewa kada ya lissafa maka waɗannan mahaɗai, wanda aka fito da hanyar loda shi a Oktoba 2012. Na loda, na rubuta takardar roƙon sake dubawa ina cewa mai shafin ba shi da hannu, sharrin abokan hamayya ne. Bayan 'yan makonni amsa ta dawo cewa har yanzu shafin yana saɓa ƙa'ida, tare da misalan mahaɗai da ba su ma fito a jerin da na sauke ba. Na bi ɗaya daga cikin misalan, na rubuta wa mai shafin ina roƙon ya cire. Amsarsa ce ta tona asiri, domin ya ce mini an biya shi kuɗin shekara guda a kan mahaɗin, kuma ya turo mini rasit ɗauke da sunan kamfanin Alhaji. Ashe ɗan ɗan'uwan Alhaji ne, wani yaro mai rawar kai da ya kalli bidiyo biyu ya ɗauka ya zama gwani, ya sayo masa mahaɗai dubbai a kan 'yan daloli daga masu tallan irin wannan aiki, kuma da sanin Alhaji, domin shi ya ba da katin da aka biya. Da na kai masa rasit ɗin, ko kunya bai ji ba, cewa ya yi ai ya manta, kuma ai don gyara irin wannan ya ɗauko ni.

Daga nan ne aikin gaskiya ya fara, kuma shi nake so ka kula da shi. Na sa Alhaji ya kira yaron ya kawo duk rasit da duk rahoton da masu sayarwar suka aiko masa, domin babu wata manhaja da za ta nuna maka duk mahaɗan da ke duniya, amma wanda ya saya yana da jerin abin da ya saya. Na haɗa wannan da na Webmaster Tools da na manhajar binciken mahaɗai ta Majestic, na tace maimaici, na buɗe kowane gida, wato gidan yanar gizon da mahaɗin ya fito daga cikinsa, ɗaya bayan ɗaya da idona. Na rubuta wa masu shafukan da na sami adireshinsu, na adana kwanan watan kowane saƙo da amsar da aka ba ni a takarda guda. Wasu suka cire, yawanci suka yi shiru, wasu kuwa suka ce sai an biya su kafin su cire, waɗannan ban ba su ko kobo ba, na jefa su cikin fayil ɗin barranta na rubuta dalili. A takardar roƙo ta biyu na faɗi gaskiya tsirara, cewa an sayi mahaɗai, ga wanda ya saya, ga lokacin, ga abin da aka cire, ga wanda ya gagara, ga kuma matakin da aka ɗauka don kada a sake. Ita ma an mayar da ita saboda wasu ragowar. Sai a ta uku aka ɗage hukuncin.

Na je wa Alhaji da sanarwar ɗagewa ina murna, shi kuwa ya buɗe wayarsa ya rubuta jimlarsa ta zoɓo, ya gungura har shafi na huɗu kafin ya ga kansa. Ya ɗago ya ce mini yarjejeniyarmu shafin farko ce. A ranar na fahimci abin da ya kamata in gaya masa tun ranar lemo: matsayin da yake kuka a kansa ba nasa ba ne tun asali. Mahaɗan da aka saya su ne suka ɗaga shi, su ne kuma na kwashe da hannuna, to da me zai koma sama? Kayan aro ba ya rufe katara. Ƙari a kan haka, a wancan zamani Penguin ba ya sake lissafi sai lokacin da Google ya ga dama, har an taɓa jira daga Oktoba 2014 zuwa Satumba 2016 ba a sabunta shi ba, saboda haka ko shafi ya yi tsarki yana iya zama a ƙasa yana jira. Na yi masa wannan bayani har bakina ya bushe. Bai biya ni ragowar kuɗina ba, kuma daga baya na ji yana gaya wa mutane cewa ni na ɓata masa shafi. Kuɗin ya ƙona mini rai, amma wannan magana ta fi ƙona mini, domin ta kore mini aiki biyu da na sani.

Saboda haka kada ka taɓa komai a shafin mutumin nan sai ka zaunar da shi ya gaya maka abin da aka saya, wa ya saya, kuma yaushe. In ya ce maƙiya ne, ka nuna masa kalmomin da aka rataya mahaɗan a kai ka dubi idonsa. Ba na cewa ba a taɓa yi wa wani irin wannan sharri ba, amma a shekarun da na yi a sana'ar nan, kusan duk wanda ya zo mini da wannan labari daga ƙarshe rasit ya fito. Ka rubuta yarjejeniya a takarda cewa aikinka shi ne ɗage hukunci, ka karɓi mafi yawan kuɗinka kafin ka fara, kuma ka rubuta ƙarara cewa neman sabon matsayi wani aiki ne daban mai farashi daban. Game da kwanaki kuwa, kada ka yanka masa rana. Sake dubawa kan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma ba kasafai ake karɓar roƙon farko ba. In ya kawo maka labarin Interflora, kamfanin furanni na Ingila da aka hukunta a Fabrairu 2013 kuma ya dawo cikin ƙasa da mako biyu, ka gaya masa cewa wannan kamfani ne da jama'a ke nema da sunansa, mai dubban mahaɗai na halal a ƙarƙashin na bogin, da ma'aikata masu yawa da za su kwana suna share ɓarna. Ko J.C. Penney na Amurka, da jaridar New York Times ta fallasa a Fabrairu 2011, sai da ya yi kusan wata uku a ƙasa.

A fayil ɗin barranta akwai wurare uku da nake ganin yara suna faɗawa rami. Idan gidan gaba ɗaya shara ne, ka barranta da shi dukansa ta hanyar rubuta domain: kafin sunansa, maimakon bin shafukansa ɗaya-ɗaya, domin gobe zai haifi wani shafin da mahaɗinka a ciki. Idan ka loda sabon fayil yana maye gurbin tsohon ne gaba ɗaya, saboda haka ka sauke tsohon ka ƙara a kansa, in ba haka ba ka kwance duk abin da aka ɗaure a baya. Na ukun shi ya fi ba ni haushi. Wasu manhajojin binciken mahaɗai suna ba kowane mahaɗi maki su ce wannan mai guba ne, ku kuma sai ku danna maɓalli ɗaya ku kwashe komai ku loda, ku koma kan TikTok. Google ba ya aiki da wannan maki. Na ga yaron da ya barranta da mahaɗin jarida da na ƙungiyar 'yan kasuwa saboda manhaja ta shafa musu jan launi, ya yanke wa shafin ƙafar da yake tsaye a kai. Inda kuwa mahaɗin talla ne na gaskiya da mai shafin ke son ya ci gaba da zama, ka sa a maƙala masa alamar nofollow, ko ta sponsored da aka shigo da ita a 2019, alamomin da ke gaya wa Google kada ya lissafa mahaɗin, ba sai an cire ba.

Ka kuma sani cewa tun daga Satumba 2016 Penguin ya shiga cikin ainihin lissafin Google, kuma yawanci watsi yake yi da mahaɗan banza maimakon ya danne shafin saboda su, haka ma gyaran da aka yi a Disamba 2022 da SpamBrain, tsarin Google na gano shara, ya ƙara ƙarfin wannan watsi. Ma'anar wannan ita ce in wani ya zo maka babu sanarwar hukunci, kuma bai taɓa sayen komai ba, kada ka tsoratar da shi da maganar guba don ka sami aiki, kamar yadda wasu abokanka ke yi. Ka nemi dalilin faɗuwarsa a wani wuri.

Ranar Asabar bayan la'asar ina shago. Ka zo da hoton sanarwar, da jerin da ka sauke, da rasit ɗin da ka iya ƙwatowa daga hannun mutumin, kuma kada ka loda fayil ko ka tura roƙo sai na duba su layi-layi.