Zafi ko matsi: wanne ke sauya kaurin ruwan ƙaro?

Ɗan'uwa daga Gadarif, a ƙasar Sudan, ya ce ruwan ƙaron da yake jiƙawa yana da kauri da safe, da rana kuma ya tsinke, yana tambaya ko matsin famfo ne sanadi.

Malam, zafi ne babban mai laifi. Ƙaro polima ne, wato manyan ƙwayoyi masu rassa da ke narke cikin ruwa, kuma kaurin haɗin yana bin na ruwan da ya ɗauke shi. Ruwa zalla da ya tashi daga digiri 20 zuwa 40 yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. A zafin Sudan, tsakanin asuba da azahar kaɗai ya isa ya rikita maka awon kauri.

Matsi kuwa, kada ya dame ka. Ruwa ba ya matsuwa sosai: matsin bar 100, wato kusan ninki ɗari na matsin iskar da muke ciki, bai wuce ya rage girmansa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sai a wuri irin rijiyar mai mai zurfi ake lissafa shi.

Ka auna ƙaron da sikeli, ka bar shi ya kwana a jiƙe, ka tace, ka jira kumfa ta kwanta. Sannan ka zuba shi a kwalba, ka tsoma ta cikin ruwa mai digiri 25 na minti 20 kafin awon kaurin, a rufe, don tururin da ya fita yana ƙara kauri. Kada ka tafasa shi don saurin narkewa. Doguwar wuta tana lalata furotin ɗin da ke sa ƙaron hashab, wato na dakwara, ya riƙe mai cikin ruwa.